Ƙafar da Ta Riga Kuka

Ɗiyata ta fara tafiya ba ta cika shekara ba, ta daina tana da shekara biyu da ƴan watanni. Ita ce ta fari, don haka ba na kiran sunanta, har yau da ta zama uwar wasu. Yarinyar nan nake cewa, kowa kuma ya san wadda nake nufi.

Shekarar da ta daina tafiya ita ce fari na biyu da na gani da idona. Na farko ina ƙarama, warin mushe kaɗai na riƙe daga gare shi. Na biyun ya same ni a ɗakin miji, a wani ƙauye kusa da Gangara. Gero ya kai gwiwa, ruwa ya ɗauke, ya bushe a tsaye. Maigidana ya bi ƴan uwansa kudu, ya tsallaka iyaka neman abin da zai aiko mana. Ya bar ni da uwarsa, wadda nake ce wa Iya, da yarinyar, da akuya guda. Kakannin Iya masu shanu ne, daga arewa suka gangaro suka kama noma, ƴan shanun da suka rage mata kuma farin ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Akuyar ce kawai ta tsira, don ita ba abin da ba ta ci, ƴaƴan gawo, ɓawon itace, har tsumma. Kullum da safe takan ba mu nono cikin ludayi ɗaya, wata rana da ɗan ɗori. Wannan na yarinya ne.

Mu manya anza muke ci, ƴaƴan wani itacen daji masu ɗaci. Mu tsinko ƴaƴan, mu ɓare, mu jiƙa ƙwayar kwana da kwanaki muna sauya ruwa har ɗacin ya ragu. Sai kuma karangiya, wadda da muke zagi in ta kama mana zane. Mu sharo ta a daji, mu daka, mu sheƙe, mu sami ƴar ƙwaya kamar ƙwan tururuwa mu dama.

Ba rana ɗaya tafiyar ta tsaya ba. Da farko in mun nufi rijiya sai ta zauna a hanya ta miƙo hannu. Daga nan sai ta kama bin danga. Ta koma rarrafe. Sannan ta zauna inda aka ajiye ta, ƙafafu a miƙe, sirara kamar karan gero, bayan ƙafar a ɗan kumbure. Iya ta ce ƙyuya ce, goyo ya yi mata daɗi. Ni kuwa ban yarda ba. Ni mutum ce mai duba abu har sai ya dame ni. In yarinya ta yi tari sau biyu na ƙirga, in ta yi barci nakan sa kunne a ƙirjinta.

Wata rana da hantsi ina dakan karangiya, tana zaune a tabarma kusa da ni. Rana ta cim mata, sai na ja tabarmar zuwa inuwa. Diddigenta ya zame ya sauka a kan wata karangiya da ta yi tsalle daga turmi.

Ƙafar nan da ta yi sati biyu ba ta ɗaga ba, sai ta fizge, gwiwa ta kusa bugun ƙirji. Ban ga tafiyarta ba, na dai ga tana can, na ga tana nan. Yarinyar kuma tana kallon kaza, fuskarta ba ta san komai ba tukuna. Sai da na ja numfashi ɗaya sannan bakin ya taɓe, sannan kukan ya fito. Ƙafa ta gama aikinta kafin mai ƙafa ta ji labari.

Na ajiye taɓarya, na cire ƙayar, na lallashe ta. Na ce, “Ɗago ƙafar in gani. Ɗago mini, ƴar lelena.”

Ta dube ni. Ta dubi ƙafar. Ta ciji leɓe, har jijiyar wuyanta ta tashi. Diddigen ya ja ƙasa kamar faɗin yatsa biyu, ya tsaya.

Abin da na yi bayan nan ina jin kunyarsa, amma zan faɗa. Na jira ta manta, na nuna mata wani tsuntsu a kan danga, na taɓa tafin ɗayar ƙafar da ƙaya da gangan. Ta fizge kamar ta farko, kukan ya biyo baya. Washegari na sake. Na so a ce idona ne ya ruɗe ni. A rana ta uku na kira Iya na nuna mata.

Iya ta tsuguna ta kalla.

“Sake,” ta ce.

Na sake.

“Kira ta ta ɗaga.”

Na kira. Diddigen ya ja ƙasa ya tsaya.

Iya ta gyara ɗankwalinta, ta rage murya. “Mai ƙafa ta kira ƙafa, ba ta zo ba. Ƙaya ta kira, ta zo a guje. To ke a ganinki wa ke ciki?”

“Wa ke ciki, Iya?”

“Kada ki sa ni kiran suna a tsakar gida. Mai son nono ce.”

Na gane. Kowa a ƙasarmu ya san Inna, aljanar da ake cewa tana shanye ƙafafun yara, shi ya sa ake kiran ciwon shan inna. Akwai wani gurgu a bakin kasuwar Gangara mai tafiya da hannuwa, tun ina yarinya aka ce mini ita ta shanye shi. Iya ba ta wasa da salla, carbinta ba ya barin hannunta, amma wannan ta gaje shi daga iyayenta mata. Sun ce mata Inna Bafulatana ce, abu biyu ta sani: tana son nono, ta tsani allura. In an ba ta nono tana iya sakin yaro. In an kai shi likita aka soke shi, ta yi fushi ta shanye har ƙugu.

Tun daga ranar, nonon akuya ya daina shiga bakin yarinya. Ni nake tatsa, ni nake ɗauka zuwa gindin gawon da ke bayan gida, ni nake zubawa. Rairayi ya shanye kafin in miƙe, ya bar ɗan duhu kamar tafin hannu. In na fito da ludayin idon yarinyar yakan bi ni har ƙofa. Ba ta kuka, bin ni kawai take yi da ido. Ni kuma ina gaya wa zuciyata ƙafafu nake saya mata. Kwana goma sha tara na yi ina wannan. Ba wanda ya tilasta ni, ni ce ma na fara gani da idona.

Sai aka yi shela cewa motar taimako ta kawo jar dawa Gazawa, kowane gida ya aika mutum. Iya ba ta iya doguwar tafiya, ni na tafi, yarinya a baya. Kafin in fita Iya ta kama hannuna.

“Ki karɓo hatsi ki dawo. Kada ki bi ta ƙofar masu farar riga.”

“To, Iya.”

Na karɓi rabonmu bayan azahar. A layin ne wata mata ta ce mini a gidan likita ana auna yara, wanda bai kai nauyi ba ana ba uwarsa madarar gari. Na tsaya ina gardama da kaina. Na ce madara zan karɓa kawai, zan rufe ƙafafun da zane, ba wanda zai gani. Na tafi.

Mai kula da wurin wani dattijo ne siriri mai tabarau, kowa majo yake ce masa. Ya rataye yarinyar a sikeli, ya rubuta a kati, sannan ya ce da ita, “Amaryata, sauko ki tako ki gaishe da angonki mana.”

Na yi sauri na ɗauke ta. “Barci take ji, majo.”

“Da ido buɗe? Ajiye ta ta tsaya.”

“Ba ta son baƙi.”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Uwar yarinya, yaushe rabonta da tafiya?”

Sai hawaye suka zubo mini. Na ce don Allah don Annabi kada ya yi mata allura, madara kawai na zo nema, in babu ma zan tafi.

“Wa ya yi maganar allura? Zaunar da ita nan bakin tebur, ƙafafu su yi lilo.”

Ya tambaye ni ko ta yi zazzaɓi kafin ta daina tafiya, na ce a'a. Ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya mutuwa, na ce duka ɗaya suke. Ya danna bayan ƙafar da yatsa, gurbin ya zauna. Sai ya jawo wata ƴar guduma daga aljihu, kanta na roba, ba ta kai ludayin miya ba. Ya ɗan ƙwanƙwasa ƙasan ƙoƙon gwiwarta, a hankali, kamar mai gwada kankana.

Ƙafar ta harba.

Ban san lokacin da na rungume ta ba. Asirin da nake ɓoyewa ya tonu a gaban mutum. Na ce, “Ka gani ko? Ka tsokano ta. Ba yarinyar ke motsawa ba, wallahi in ka ce ta ɗaga ba ta iyawa.”

“Wa na tsokano?”

Na faɗa masa duka, har da gawo, har da kwana goma sha tara. Na zaci zai yi mini faɗa. Sai ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ƙwanƙwasa ɗayar gwiwar, ita ma ta harba.

“Alhamdu lillahi,” ya ce. “Abin da kike tsoro, shi nake roƙon Allah in gani. Ƙafar da shan inna ya kama, ko ka yini kana bugu ba ta amsawa. Wannan ta amsa. Hau teburin.”

“Ni?”

“Ke. Inna ba ta shanye ki ba, ko? Hau.”

Matan da ke kan benci suka fara dariya. Na hau ina jan zane. Ya ce in kalli bango. Na ji ɗan taɓi a gwiwa, sai ga ƙafata ta tashi gaba da kanta, takalmina ya kusa fita. Ni ce, ƙafata ce, ina zaune a kanta shekara ashirin, ban aike ta ba ta tafi.

“Yanzu ki hana ta,” ya ce. “Ki ce mata kada ta kuskura.”

Na ce mata a zuci. Ya buga, ta ɗan zabura duk da haka.

“To saura ɗaya. In na taɓa kafaɗarki, ki yi shuri da kanki, da duk ƙarfinki, da sauri iyakar iyawarki.”

Na shirya, na zuba hankalina duka a kafaɗa. Ya taɓa. Na ji taɓin, na san an taɓa, sannan na aika, sannan ƙafar ta tafi. Akwai ɗan fili a tsakani, ƙanƙane, amma na ji shi sarai, wanda babu shi a bugun guduma. Sai dai wannan shurin ya sami kujerar ƙarfe da ke gabana, ya kifar da ita har kwanon da ke kai ya yi ƙara a siminti.

Wata tsohuwa a benci ta ce, “Kai, Allah ya jiƙan mijin wannan.”

Majo ya ɗaga kujerarsa yana murmushi. Ya tambaye ni ko na taɓa gyara ƙashin bayan akuya. Na ce sau nawa, a shekarar nan da ake yanka dabba kafin ta mutu. Ya ce farin abin nan mai laushi da ke cikin ƙashin, laka, mu ma muna da shi. Ya ce in wuta ta kama danga a ƙauyenku, kuna aikawa Gazawa a gaya wa sarki kafin ku watsa ƙasa? Na ce a'a, maƙwabta ke kashewa, daga baya a kai labari. Ya ce to haka ƙaya take. Saƙon yana zuwa laka ya juyo nan take, ƙafa ta janye, sannan labari ya hau kai, sannan a yi kuka. Hanyar gajera ce, shi ya sa ba a riga ta. Amma abu ɗaya ta sani, fizga guda, ta ƙare. Tsayuwa da tafiya da ɗaukar tulu, waɗannan sai kai ya yi niyya ya aiko, kuma sai nama yana da abin da zai riƙe jiki da shi, ba na ƙiftawar ido ba.

“Hanyoyin ɗiyarki duk a buɗe suke,” ya ce. “Tana aikawa, saƙo yana isa. Naman ne ba shi da abin aiki. Yunwa ce, uwar yarinya. Ki ba ta nononta.”

Ya ba ni madarar gari a leda, ya koya mini yadda zan dama da ɗan mai. Allura kuwa bai yi ba.

Duk hanyar gida, dawa a ka, yarinya a baya, ƙafafuna nake kallo. Na taka ƙaya wajen wani kwari, ƙafar ta ɗage kafin in ce wash, kayan kaina ko girgiza ba su yi ba, don ɗayar ƙafar ta riga ta ƙanƙame ƙasa ta karɓi nauyin. Wa ya gaya mata? Na tsaya a tsakiyar daji ni kaɗai ina cewa Subhanallahi. Ashe tun ranar da aka haife ni akwai mai tsaro a bayana, ba ya barci, ba ya neman izinina, ban taɓa sanin yana nan ba. Kuma ashe yunwar da ta cinye cinyoyin ɗiyata ba ta kai gare shi ba.

Saura Iya. Ban iya yi mata gardama, ban taɓa ba. Da safe na tatsi akuya, na ajiye ludayin a kan turmi, na je na durƙusa a gabanta na faɗi gaskiya.

“Na ce kada ki bi ta ƙofar.”

“Na bi, Iya. Ki gafarce ni. Amma ina roƙon abu guda. Ki hau kan turmin can babba ki saki ƙafafunki.”

“In hau turmi? Da tsufana? Kin sha wani abu a Gazawa?”

“Don girman Allah, Iya.”

Ta hau tana mita, tana cewa ɗanta ya tafi ya bar ta da mahaukaciya. Na ɗauko muciya. Ta zare ido.

“Yau kuma dukana za ki yi? To bari in kira maƙwabta su shaida.”

“Kaɗan ne, Iya. Ki kalli akuya.”

Matar ɗa ba ta taɓa gwiwar uwar miji, balle da muciya. Bugun farko na sami ƙashi, ta ce wash, ta zage ni da Fulatanci. Na biyu na sauka ƙasa kaɗan, wurin da ke da laushi. Ƙafar Iya ta tashi, busasshiya mai faso, ta watsa mini ƙasa a zane.

Ta dubi ƙafar kamar baƙuwa ta shigo gida ba sallama.

“Sake.”

Na sake. Ta harba.

“Ba ni nan.” Ta karɓi muciyar ta gwada da kanta, ta kuskure, ta sake, ta samu. Ta gwada ɗayar. Sannan ta ce a hankali, “To ni ma tana cikina ke nan? Shekara nawa ina tafiya da ita?”

“Majo ya ce kowa haka yake. Ya ce wadda ba ta harbawa ita ce abin tsoro.”

Ba ta ce na yi gaskiya ba, Iya ba ta faɗin irin wannan. Ta sauko, ta ɗauki ludayin, ta tsoma yatsa ta yarfa ɗigo uku a ƙasa, ta ce wannan na mai rabo ne kada a ce mun yi rowa. Sauran ta zauna ta ɗora yarinyar a cinya ta ba ta da hannunta. Yarinyar ta kama ludayin da hannu biyu, ta ƙi saki ko da ya ƙare.

Ba a yi saurin warkewa ba. Kumburin ya fara saɓewa, sai ta ƙara zama abin tausayi, fata da ƙashi. Ta yi zawo kwana uku, na ce shi ke nan na kashe ta da madarar Nasara. Na koma wurin majo sau biyu a ƙafa, ya ce in rage kauri in ci gaba. Ta fara neman abinci da kuka, ta fara dukan kaza in ta matso kwanonta. Ta koma rarrafe.

Wata rana da la'asar, hadari ya fara haɗuwa a gabas karo na farko, muna zaune muna gyaran iri da maigidana ya aiko. Yarinyar ta rarrafa zuwa tulun ruwa, ta kama wuyansa, ta ja jiki ta miƙe. Gwiwoyin suna karkarwa. Ta saki hannu ɗaya. Ta dubi ƙafarta ta dama, ta daɗe tana dubanta, na ga niyyar tana sauka daga fuskarta a hankali, a hankali, har yatsun suka motsa. Ƙafar ta ɗaga, ta yi lilo, ta sauka gaba kaɗan. Jikin ya karkata.

Hannuwana sun riga sun tafi. Iya ta cafke mini wuyan hannu.

“Bar ta.”

“Za ta faɗi, Iya.”

“Rairayi ne. Bar ta.”

Na mayar da hannuwana na danne su a ƙarƙashin cinya, da ƙarfi, don sun ƙi zama. Yarinyar ta saki tulun. Ta yi taku na biyu, ta tsaya tana huci kamar wadda ta jawo guga daga rijiya mai gaba ashirin. Ta yi na uku. A na huɗu ta zauna daɓas, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya don ta ga ko abin kuka ne. Ba wanda ya motsa. Sai ta juya, ta rarrafa ta koma wurin tulun, ta sake kama wuyansa.